Yadda ake ziyarar Ɗa'ifa daga Makka a yini guda: Fadar Shubra da lambunan wardi

Duk wanda ya taɓa yin Umara a tsakiyar zafi ya san yadda Makka take da azahar, iskar ma kamar daga bakin tanda take fitowa. To sarakunan ƙasar su ma ba su iya mata ba. Tun zamanin Sharifan Makka har zuwa sarakunan gidan Sa'ud, idan bazara ta kama sai su tattara su hau dutse zuwa Ɗa'ifa, garin da ke sama da mita 1,800 daga doron teku, wanda tafiyarsa daga Harami ba ta wuce awa ɗaya da rabi a mota. A can suka gina gidajen shan iska, kuma a can ne lambunan inabi da rumman da wardi suke.

Na raka baƙi zuwa garin nan har na daina ƙirga. Abin da na koya shi ne, Ɗa'ifa ta sammako ce. Wanda ya tsaya ya karya kumallo a otal, ya jira wance ta gama shiri, ya bar Makka da hantsi, zai je ya dawo da hotuna da ledar rumman, amma abin da ake zuwa dominsa ya riga ya wuce shi. Don haka duk tsarin da zan ba ka a kan agogo aka ɗora shi.

Abin da za ka tanada

Fasfo da takardar biza, da hotonsu a waya. Akwai shingayen bincike a hanya. Bizar Umara ta yanzu tana ba mutum damar zagaya garuruwan Saudiyya, amma bizar Hajji ba haka take ba, kuma idan lokacin Hajji ya gabato ana tsaurara shiga Makka. Kada ka fita ka kasa dawowa.

Mota da direban da ya san hanyar dutse. Zan dawo kan wannan.

Rigar sanyi ko mayafi mai kauri. Mutanenmu sukan yi dariya idan na faɗi haka a ƙofar otal suna gumi, sai mun isa sama da safe ka ga kowa ya takure yana neman aron hirami.

Takalmi rufaffe, don ƙasar lambu jiƙe take da safe, itacen wardi kuma ƙaya gare shi.

Riyal a hannu, ƙanana. Manyan shaguna na karɓar kati, amma mai sayar da ɓaure a bakin hanya ya fi son a miƙo masa kuɗi.

Citta ko lemun tsami ko maganin amai, da ledoji biyu uku marasa huji.

Harami, ga wanda zai dawo da niyyar Umara. A ƙulle shi cikin leda, a sa a jakar da ba za a buɗe ba sai a mikati. Dalilin yana tafe.

1. Zaɓi wata da rana

Wardin Ɗa'ifa sau ɗaya yake fure a shekara, daga cikin Maris zuwa ƙarshen Afrilu, kimanin kwana arba'in. Idan Allah ya sa Umararka ta faɗo a wannan tsakanin, ka yi sa'a. Idan ba ta faɗo ba, tafiyar ba ta ɓaci ba, sai dai a sauya mata fuska: daga tsakiyar zafi zuwa kaka lokacin 'ya'yan itatuwa ne, inabi da ɓaure da rumman da 'ya'yan wani kaktus mai ƙaya da suke kira barshumi. Da sanyi kuwa itatuwan wardi an sassabe su, dutse ya cika da hazo, sai dai a je don fada da masallatai.

Juma'a da Asabar su ne hutun mako a can, ranar da mutanen Jidda da Makka ke ɗebo iyalansu su hau. Ka zaɓi tsakanin Lahadi da Laraba.

2. Gama magana da direba tun daren jiya

Nan ne yawancin baƙi ke faɗuwa. Direbobin ziyara suna da nasu zagayen da suka saba: a tsaya nan minti goma, a ɗau hoto, a tsaya can, a kai ku shagon da ake ba su la'ada, a dawo kafin la'asar su ɗauki wasu. Ba mugunta ba ce, sana'a ce. Kai ne za ka faɗa masa abin da kake so tun kafin a yi ciniki: kuɗin na yini guda ne ba na awa huɗu ba, za a tashi da an sallame asuba, za a hau ta hanyar Hada (ta kan dutse), za a fara da lambun wardi kafin komai, za a tsaya a mikati a dawowa har kowa ya gama. Ka rubuta masa a WhatsApp ya amsa, don kada gobe a ce ba a yi haka ba. Rabin kuɗi da safe, rabi bayan an sauke ku.

Idan ba ka jin Larabci, a Makka akwai Hausawa mazauna da yawa da ke wannan aiki, ma'aikatan otal ma sun san su. Idan kai kaɗai ne ko ku biyu, kana iya hawa da motar haya ta haɗaka ko Uber ko Careem, sai ka riƙa kiran wata daga wuri zuwa wuri a cikin garin. Ya fi araha, amma lambunan suna bayan gari, kuma samun motar da za ta dawo da kai daga can yakan ɗau lokaci.

3. Hawan dutse

Hanya biyu ce. Ta Hada ita ce gajera, kimanin kilomita 90, tana bi ta gefen Arfa, ta ratsa kwari, sannan ta fara nannaɗe dutsen Kara kamar rawani. A zamanin Sarki Faisal aka buɗe ta. Ta Sail ta fi tsawo amma a miƙe take, ba wani hawa mai tayar da hankali. Shawarata a hau ta Hada, don lambunan farko suna bakin ƙarshenta, kuma ganin Makka na nisa a ƙasa rana na ɓullowa abu ne da ba a mantawa. Amma idan akwai tsoho mai hawan jini ko mai juna biyu ko wanda mota ke juya wa ciki, a bi ta Sail, ba gardama. Haka nan idan an yi ruwa ko hazo ya yi yawa akan rufe Hada, direba ya duba kafin ku tashi.

Mai saurin jiri ya zauna gaba, ya kalli nesa, ya ajiye waya. Kunne zai toshe, a haɗiyi yawu ko a tauna wani abu.

Sai birai. Kusa da ƙarshen hawan za ka gan su garke-garke a kan katangar titi, manya da 'ya'yansu a goye. Kowa zai ce a tsaya. A tsaya, amma gilashi a rufe. Wata Hajiya da na raka, 'yar kimanin shekara saba'in, ta sauke gilashi tana miƙa wa wani ƙarami dabino. Na ce, “Hajiya, don Allah a ɗaga gilashin nan.” Ta ce, “Kai yaro, Allah na tuba wannan ɗan abin me zai yi mini?” Ba ta rufe baki ba wani ƙato ya diro daga bayan motar, ya zura hannu, ya fizge ledar da ke cinyarta, ciki har da carbinta da maganin ciwon ƙafa. Muna kallo ya koma kan dutse ya zazzage ledar yana shinshina ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Har muka dawo Makka tana salati.

4. Lambun wardi, kafin rana ta ɗaga

Ka yi ƙoƙari ƙarfe 7 ta same ka a cikin lambu. Gonakin suna Hada da Wadi Muhrim da kuma Shafa, can kudu da gari. Na Hada su ne a kan hanyarka, da su za ka fara.

Kada ka sa ran ganin manyan jajayen furanni irin na katin biki. Wardin Ɗa'ifa ƙarami ne, ruwan hoda, mai ganye talatin, a kan itace gajere mai cunkushewa wanda bai cika wuce ƙirjin mutum ba. Da ka ga gonar daga nesa ba za ka ce komai ba. Sai ka buɗe ƙofar mota ƙanshin ya tare ka.

Furen da asuba yake buɗewa, kuma man da ke cikinsa rana ce ke shanye shi. Shi ya sa masu tsinka ke shiga tun da duhu-duhu, su gama kafin hantsi ya yi ƙarfi. Tsaya ka kalli hannunsu: yatsa biyu a ƙarƙashin furen, ɗan murɗawa, ƙas, ya faɗa kwando, ɗayan hannun ya riga ya kama na gaba. Ba sa taɓa wanda bai buɗe ba, na gobe ne. Idan ka iso ƙarfe 11 itatuwan kore kawai za ka tarar, sai ka ce ƙarya ake yi.

Wasu gonakin an shirya su don baƙi, da ƙofa da tikiti da wurin shan shayi. Wasu kuwa gonar mutum ce kawai. A irin waɗannan a yi sallama, a nemi izini, kuma kada a tsinki ko ɗaya sai an ce a tsinka, don da ƙirge da awo ake sayar da shi. Sau da yawa mai gonar da kansa zai cika maka tafin hannu, ko ya watsa wa yara a ka. Kada a ɗauki ma'aikata hoto ba su sani ba, mata kuwa ko tambaya kada a yi.

Nan nake barin baƙi su yi awa guda ba na duba agogo. Fada ba za ta gudu ba, masallaci na nan, amma wannan ƙanshin na awa uku ne a rana, na kwana arba'in a shekara.

5. Wurin dafa turare, da yadda ake saye

Daga gona buhunan fure wurin dafawa suke nufa, kuma yawancin wuraren suna barin baƙo ya shiga kyauta don sun san zai yi sayayya. Za ka ga an zube furen a ƙasa tsibi guda, an auna, sannan ana ɗurawa cikin manyan tukwanen tagulla da ke jere a kan murhu. A zuba ruwa, a rufe da murfi mai kama da hular kwano, a liƙe bakin. Tururi ya bi ta bututu, ya ratsa tankin ruwan sanyi, ya koma ruwa yana ɗiga cikin babbar kwalba mai siririn wuya. Aikin yakan ci yini. Man shi ne ɗan siririn layin da ke tasowa saman wuyan kwalbar, da sirinji ake zuƙe shi. Fure dubu goma ko fiye ake dafawa kafin a sami tola ɗaya, ita kuma tola ba ta cika giram 12 ba. Da wannan turare ake haɗa ruwan Zamzam idan za a wanke Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun wardin Ɗa'ifa cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam.

Idan ka gane wannan lissafin ba mai cutarka. Tola ta asali takan haura riyal 1,000. Wanda ya miƙo maka kwalba cike a riyal 50 ya ce tsantsa ne, ka yi masa murmushi ka wuce. Gauraye ne, ko da yana da daɗi. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi rubu'in tola, ko ya koma kan ruwan wardi. Shi ma hawa-hawa ne: na farkon fita, mai ƙarfi, shi suke kira ruwan amarya, sai mai bi masa, sai na gama-gari da ake sawa a shayi da abinci. Ka tambaya wanne ne a kwalbar. Ka ɗiga man a bayan hannu ka fita waje ka yi minti goma, don a cikin shagon hancinka ya riga ya ƙoshi, komai ƙanshi ɗaya zai yi maka.

Yanzu maganar harami. A wuraren nan fesa wa baƙo ruwan wardi karramawa ce, kafin ka ankara an feshe ka daga kai har ƙirji. Na taɓa rataya haramina a kafaɗa saboda sanyi na shiga da shi. Aka yi mini wanka da turare. A mikati sai da na sayi sabo, tsohon kuwa har na dawo gida yana ƙanshi. Tun ranar, leda.

6. Fadar Shubra

Daga Hada zuwa cikin gari kamar minti ashirin zuwa talatin ne. Fadar tana unguwar Shubra, fara tas, hawa huɗu, ba ta ɓata. Sharif Ali Basha ne ya gina ta wajen 1905, lokacin Hijaz na ƙarƙashin Daular Usmaniyya, aka sa mata sunan wata fada da ke Alƙahira. Bayan dakarun Sarki Abdul'aziz sun karɓi Ɗa'ifa a 1924 sai ta zama masaukinsa na bazara, kuma a garin nan ya rasu a Nuwamban 1953. Sarki Faisal ya yi aikin majalisar ministoci a cikinta a watannin zafi, daga baya ta zama ofishin tsaro, a 1995 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi.

Ka fara da waje. Tsaya nesa kaɗan ka kalli tagogin katakon da suka turo daga bango, masu saƙa kamar ta kwando, waɗanda suke kira rawashin. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganinsa, iska kuma na ratsawa ta huce kafin ta shiga ɗaki. Dabarar mutanen Hijaz ce, amma ginshiƙai da matakalar mabul ɗin ciki salon Turai ne, dutsen ma daga Italiya aka kawo shi. Wannan gamin shi ne daɗin kallon gidan. Idan ka shiga, ka hau sama ka tsaya bayan ɗaya daga cikin tagogin nan ka ji iskar da ke shigowa ba fanka ba na'ura; a nan za ka gane abin da ya sa mai mulkin Makka zai bar Makka ya zo nan. Sauran kayan, tsoffin kuɗi da makamai da rubuce-rubucen hannu da duwatsu masu zane, minti arba'in ya ishe su.

Lokutan buɗewa suna sauyawa, a wasu lokutan kuma akan rufe don gyara, saboda haka a bincika tun jiya. Idan ka tarar a rufe, zagaya ta waje ka ɗauki hotonka, ka ba tsohuwar kasuwar gari lokacin da ya rage. Tana kusa, kuma nan ne wurin zuma da man shanu.

Abu ɗaya da nake gaya wa masu son siyasa a ƙofar fadar: sanyin garin nan ya sha kashe wuta. A Ɗa'ifa aka ƙulla yarjejeniyar Saudiyya da Yaman a 1934, a nan 'yan majalisar Labanan suka zauna a 1989 suka amince da yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasarsu, a nan kuma Sarkin Kuwait ya yi zaman gudun hijira da Iraƙi ta mamaye ƙasarsa a 1990.

7. Azahar da abinci

A yi azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, tsakiyar gari. A Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa a shekara ta 68 bayan Hijira, kabarinsa na gefen masallacin a bayan katanga. A yi sallama a yi addu'a, ba shafa bango. Imamu Malik ya ruwaito cewa shi Ibn Abbas ɗin yakan yi ƙasaru a tafiya mai nisan Makka zuwa Ɗa'ifa, to ga ka a kan misalin da kanka.

Daga nan a leƙa unguwar Masna, inda ƙaramin masallacin Addas yake. Kowa ya san ƙissar: a shekara ta goma da aike, Annabi (SAW) ya zo garin nan tare da Zaidu ɗan Harisa, Banu Saƙif suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, suka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da nonon inabi. Masallacin an gina shi ne ƙarnuka bayan haka, kuma babu wata ibada ta musamman a wurin. Amma tsayawa a gefen lambu a garin da abin ya faru yakan sa mota ta yi tsit. Idan direba ya ce zai kai ku gidan Halimatus Sa'adiya, ku sani yankin Banu Sa'ad yana da nisa kudu da gari, zai cinye muku yammacin gaba ɗaya, kuma nuna wani kango a ce shi ne gidan ba hujja ba ce.

Abinci, ka nemi salik: farar shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, da kaza ko rago a sama. Tsofaffi na son sa.

8. La'asar: zaɓi ɗaya

Wuri uku ne, lokaci na ɗaya ne. Mai yara ya je lambun Rudaf, ƙaton wurin shaƙatawa mai ciyawa da furanni tsakanin manyan duwatsu, da yamma yake rayuwa. Mai son tsauni da sanyi ya hau Shafa, ta fi garin tudu, ga masu 'ya'yan itace jere a bakin titi. Mai ƙarfin zuciya ya koma Hada ya shiga keken saman da ke rataye a waya, wanda ke gangarawa fiye da kilomita 4 zuwa gindin dutse. Ni dai Shafa nake zaɓa. Wanda ya ce sai ya yi duka ukun, a mota zai yi magariba.

9. Saukowa da mikati

Kowace hanya da mikatinta. Ta Sail akwai Ƙarnul Manazil, wanda ake kira Sailul Kabir. Ta Hada akwai Wadi Muhrim. Duka biyun akwai masallaci da banɗakunan wanka da masu sayar da harami. Mai niyyar Umara a nan zai yi wanka ya ɗaura ya yi niyya, kada ya wuce ya ce sai an kusa Makka. Maganar maimaita Umara a tafiya ɗaya, da hukuncin wanda zai koma Makka ba harami, da turaren da ya rage a jiki, malamai sun yi saɓani a kansu; ka tambayi malaminka tun kafin ka baro otal, ba a bakin famfo mutane na jira ba. A duba Nusuk ma, manhajar waya ta hukumar Hajji da Umara, tun da wuri ko ana neman izini a ranar.

Ka auna ƙarfin mutanenka. Wanda ya tashi tun ƙarfe 4, ya yini a ƙafa, idan aka ɗora masa ɗawafi da sa'ayi a daren, gobe ba zai tashi asuba ba. Idan akwai tsofaffi, ko dai a yanke mataki na 8 a sauko da wuri, ko a isa Makka a huta cikin harami a yi Umarar bayan tsakar dare lokacin da cunkoso ya ragu.

Idan ta Hada za a sauka, a sauka da sauran haske, kuma ka saurari motar: direban kirki da giya yake gangarawa, ba da birki ba. In ka ji ƙaurin ƙonewa ka ce ya tsaya a wurin fakewa ta huce. Turaren da aka saya a mayar da shi but ɗin mota, nesa da masu harami. Ranar komawa gida kuma, kwalaben ruwan wardi a naɗe su da tufafi a sa cikin babbar jaka, don ba za a bar ka ka hau jirgi da su a hannu ba. 'Yar kwalbar man ce kaɗai za ta bi ka a jakar hannu, bakinta a naɗe da salatif.